Wa ke zaɓen ƴan wasan Mena, kuma me ya sa ƴan Maraɗi ba su cika shiga ba?

 Duk lokacin da aka fitar da sunayen ƴan wasan Mena, gardama ɗaya ce ke tashi a fadojin shayi, daga Jiratawa zuwa Tibiri har cikin birnin Maraɗi. Wani ya ce an cika kiran ƴan waje da ba su san zafin ranar ƙasar nan ba. Wani ya ce a'a, ƴan gida ai ba su da ƙwarewa. Na ukunsu kuwa ya ce duk ku bari, magana ce ta sanayya, in ba ka buga a Yamai ba wa zai gan ka? Kowa da gaskiyarsa, amma akwai dokoki da lissafi a bayan abin, kuma su muke so mu warware yau.

A ƙa'ida mai horaswa ne ke rubuta sunaye, hukumar ƙwallo ta ƙasa FENIFOOT kuma ita ke ɗaukarsa aiki, ita ke sallamarsa. Amma hannunsa ba a sake yake ba. Ɗan wasan da ke bugawa a waje, kulob ɗinsa ne ke biyansa albashi, kuma dokar FIFA ba ta tilasta wa kulob sakinsa sai a ranakun da aka keɓe wa wasannin ƙasashe. Ke nan mai horaswa yakan samu mutanensa kwana kaɗan kafin wasa, wani daga Turai, wani daga ƙasashen Larabawa, wani daga Yamai. Cikin kwana huɗu ko biyar ba a koya wa mutum ƙwallo, shi ya sa yake jingina da waɗanda ya riga ya sani. Su kuma waɗanda aka haifa a waje, kamar Daniel Sosah da aka haifa a Gana, doka ta yarda mutum ya buga wa ƙasa in yana da takardar zama ɗan ƙasar, kuma shi ko uwa ko uba ko kaka an haife su can, ko ya zauna cikinta shekara biyar.

Masu cewa a riƙe na gida suna da hujja mai ƙarfi, sunanta Harouna Doula. Shi ne ya kai Mena gasar cin kofin Afirka karon farko a tarihi, ta 2012 a Gabon da Gini Ikwatoriyal, bayan an doke Masar mai riƙe da kofi da ci ɗaya da nema a Yamai cikin Oktoba 2010, ƙwallon Moussa Maâzou. Hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horaswa na 2011. Af, kada mu manta yadda aka samu tikitin: a ranar ƙarshe Masar ta ci mu uku da nema, Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo ta hau rawa a fili tana zaton ta wuce da yawan ƙwallaye, alhali doka ta ce sakamakon wasannin da aka yi tsakanin masu maki ɗaya ake dubawa. Shugabanninsu ba su karanta doka ba, Nijar ta wuce.

To me ya biyo baya? Aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, da aka sha kashi biyu da nema hannun Gabon a wasan farko sai ragama ta koma hannunsa. Tunisiya ta ci mu biyu da ɗaya, Maroko ɗaya da nema, aka dawo gida ba maki ko ɗaya. A 2013 Gernot Rohr ya sake kai mu, a Afirka ta Kudu, aka samo maki ɗaya tak daga canjaras da Kwango Kinshasa. Tun daga nan Mena ta daɗe ba ta sake leƙa gasar ba. A ganina, abin da ya fi cutar da ita shi ne sauya hannu a tsakiyar tafiya, ko mai horaswar baƙo ne ko ɗan gida.

Hujja ta biyu ita ce gasar CHAN, wadda ƴan wasan da ke bugawa cikin ƙasarsu kaɗai ke shiga. A wadda aka yi a Aljeriya farkon 2023, Doula ɗin dai ya kai ƴan gida har wasan kusa da na ƙarshe, sun fitar da Gana da ci biyu da nema. Sai dai masu wannan hujja sukan yi shiru a kan abin da ya biyo, Aljeriya ta zura mana biyar. Akwai gwanaye a gida, babu shakka, amma tazarar da ke tsakanin gasarmu da ta ƙasashen da ke biyan albashi a kan kari tana nan. Kuma nasarar da aka yi a kan Gana biyu da ɗaya a Akara cikin Nuwamba 2024, ƙarƙashin Badou Zaki na Maroko, da hannun ƴan waje aka yi ta.

Yanzu mu zo kan namu. Me ya hana ɗan Jiratawa ko Tibiri? Ku dubi waɗanda suka riƙa ɗaukar kofin gasar ƙasa a shekarun baya-bayan nan: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta gardi, USGN ta jandarma, AS Douanes ta duwan, AS SONIDEP, ASN Nigelec. Dukansu a Yamai suke, kuma kowace tana da hukuma ko kamfani a bayanta. Yaro in ya yi fice a Jangorzo ko Ɗan Kasawa, ba ya cika shekara biyu sai an kira shi can, domin can ne ake da albashin wata, wani lokaci har da fatan samun aikin kaki bayan ƙwallo. Wa zai ga laifinsa? Ranar da aka kira shi Mena kuwa, sunan kulob ɗin Yamai ne a gaban sunansa, mu nan muna cewa ba a ɗauki ɗan Maraɗi ba. Jangorzo ta taɓa ɗaukar kofin ƙasa a 1983, kuma filin wasa na Maraɗi ya karɓi wasannin kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Fili muna da shi, masu kallo ma haka. Kuɗin riƙe ɗan wasa ne babu.

Ƴan'uwanmu na Amurka sukan kawo mana misalin wasan da can suke kira ƙwallon ƙafa, wanda galibi da hannu ake yinsa. Gasarsu ta NFL kulob 32 ce, kowane da ƴan wasa 53. Duk shekara ana jera matasan da suka fito daga jami'o'i, kulob ɗin da ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓe, zakara ya jira har ƙarshe. Tun 1994 kuma akwai iyakar kuɗin albashi da ba wanda zai wuce, komai dukiyarsa. Tsari ne mai kyau don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka, amma can ba a faɗuwa zuwa rukuni na biyu, kuma kuɗin talabijin ake rabawa daidai tsakaninsu. Mu nan wane kuɗin za a raba?

Abin da ke hannunmu wata doka ce ta FIFA da mutane da yawa ba su sani ba. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin na kulob-kulob ɗin da suka rene shi ne, daga shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma diyyar horo da ake biya ranar da ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre a waje. Ku tuna Maâzou, daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam, a 2009 CSKA ta Mosko ta saye shi. Irin wannan tafiya tana iya dawo wa ƙaramin kulob da abin da zai riƙe shi shekaru. Sharaɗin shi ne a ce yaron yana da lasisi da sunan kulob ɗin, an rubuta shi a rajistar hukuma, da takardar haihuwa ta gaskiya. Tun 2022 FIFA ta kafa ofishi na musamman da ke bin wannan rajista yana biyan kuɗin, wanda sunansa bai fito ciki ba kuwa ko dala ba zai gani ba. Da yawa daga ekip-ekip ɗin unguwanni da na gasar hutun damina a nan yankin ba su da rajista ko kaɗan, yaro ya yi shekara biyar yana bugawa, a takarda kamar bai taɓa taɓa ƙwallo ba.

Iyaye kuma ku kula, dokar ta hana kai yaron da bai cika 18 ba wani kulob a ƙasar waje, sai a ƴan wasu halaye ƙalilan. Duk wanda ya zo ya ce ku sayar da gona ko bisashe zai kai ɗanku mai shekara 15 gwaji Turai, ku fara zuwa ofishin hukumar ƙwallo ta jihar Maraɗi ku tambaya. Masu ekip a Jiratawa da Tibiri da ƙauyukan kewaye, muna so ku kira mu a filin wasanni na gaba ku faɗa mana yaranku nawa ke da lasisi, waɗanda ba su da shi kuma me ya hana.