Shugaban Amurka da Ya Ci Karo da Haruffa

A ranar 27 ga Agusta, 1906, Shugaba Theodore Roosevelt ya aika wa maɗaba'ar gwamnatin Amurka umarni cewa daga ranar, da sabon salon rubutu za a riƙa buga takardun fadarsa. Kalmomi 300 aka yi wa aski. Through ta koma thru, though ta koma tho, kissed ta zama kist, dropped kuma dropt.

Ba shi ya faro zancen ba. Hamshaƙin attajirin nan Andrew Carnegie, wanda ya tara dukiyarsa a harkar ƙarfe, ya yi imani Turanci zai iya zama harshen duniya, har ya taimaka wa zaman lafiya, in dai an sauke masa haruffan da ake rubutawa ba a furta su. A farkon shekarar ya kafa kwamiti, yana zuba masa dala 15,000 duk shekara. Cikin 'yan kwamitin har da marubuci Mark Twain, da Melvil Dewey mai tsarin jera littattafai a laburare.

Kuma fa suna da hujja. Duk wanda ya sha bulala a aji saboda haruffan ough ya san wahalar: furucinsu a through daban, a tough daban, a though ma daban. Wannan gh ɗin a da can daga maƙogwaro ake fito da shi. Bakin mutane ya yar da shi tuntuni, amma masu buga littattafai suka riƙe shi gam.

Umarnin na fita, jaridu suka samu abin yi. Na Amurka suka dinga lalata rubutun sunan shugaban da gangan don ba'a, na Ingila kuwa suka fusata, wai wa ya ba Ba'amurke izinin taɓa harshen Sarki? Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi bi. Abin dariyar shi ne, da yawa cikin kalmomin, irin su color da center, Amurkawa sun daɗe suna rubuta su haka tun zamanin ƙamus ɗin Noah Webster na 1828. 'Yan tsirarun da suka yi wa ido baƙunta ne suka ja masa.

Roosevelt ya ba da umarnin ne lokacin da majalisa ke hutu. Da 'yan majalisa suka dawo a Disamba, sai ga jawabin shugaba na shekara an kawo musu cikin sabon rubutu. A ranar 13 ga watan, Majalisar Wakilai ta zartar cewa takardun gwamnati su bi ƙamus ɗin da aka sani. Roosevelt, mutumin da ba a san shi da ja da baya ba, ya janye umarninsa nan take. A cikin wannan makon ne kuma aka ba shi lambar yabo ta Nobel saboda sulhunta Rasha da Japan. Ya raba faɗan dauloli biyu, haruffa uku a gindin through sun gagare shi. Shi da kansa ya faɗa wa shugaban kwamitin, Brander Matthews, cewa thru ce ta fi kowace kalma kayar da su.

Carnegie ya ci gaba da biya, amma daga baya ya sare, ya yarda cewa sai jama'a sun so gyara yake kamawa. Bayan rasuwarsa a 1919 kwamitin ya durƙushe. Yau thru tana manne a allunan gidajen abinci a faɗin Amurka, matasa na rubuta tho a waya ba wanda ya umarce su, kist kuwa ba ta ƙara tashi ba.