Ƙunar wuta: Abubuwan da ke janyo gubar jini ga waɗanda suka ƙone sosai

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai ta kama da wuta a garin Majiya na Jihar Jigawa. Adadin mamatan da aka fara bayarwa bai tsaya nan ba. Cikin makonnin da suka biyo baya ya haura 200, domin da yawa daga waɗanda aka kai asibiti da ransu sun cika a can. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka sake ganin irin wannan ibtila'i a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja.

Idan wanda ya ƙone sosai ya tsallake kwana biyu ko ukun farko, babban abin da ke barazana ga rayuwarsa shi ne shigar ƙwayoyin cuta jikinsa, wadda kan kai ga sefsis, wato abin da ake kira gubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na hallaka mutum kusan 180,000 a kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki.

Mene ne sefsis?

Sefsis yanayi ne da garkuwar jiki ke wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayoyin cuta, har ta koma tana lahanta ƙoda da huhu da hanta da zuciya. Fata ita ce katangar da ke tsakanin jiki da ƙwayoyin cuta. Idan wuta ta rushe ta, mataccen naman da ya rage yakan zama abinci ga ƙwayoyin, ga shi kuma jini ba ya isa wurin balle ya kai magani. Babbar ƙuna kuma tana raunana garkuwar jikin baki ɗaya.

Abubuwan da ke ƙara haɗarin

Na farko shi ne faɗin ƙunar. Tafin hannun majinyaci tare da yatsunsa daidai yake da kusan kashi 1 cikin 100 na fatarsa. A jikin baligi, hannu guda kashi 9 ne, ƙafa guda kuma kashi 18. Ƙunar da ta kai kashi 20 ana ɗaukarta babba, kuma haɗarin na ƙaruwa gwargwadon faɗinta.

Na biyu shi ne zurfinta. Ƙunar da ta cinye fata gaba ɗaya takan yi fari ko baƙi ta bushe, sau da yawa ma ba ta zafi saboda jijiyoyin wurin sun mutu. Rashin zafin ne ke yaudarar iyali su ɗauka abin da sauƙi, alhali irinta ce ke buƙatar tiyata da dashen fata.

Na uku shi ne shaƙar hayaƙi. Wanda gobara ta rutsa da shi a rufaffen ɗaki yana iya samun rauni a hanyoyin numfashi, wanda kan buɗe ƙofa ga ciwon huhu. Dushewar murya, ƙonewar gashin hanci da baƙin majina alamu ne da ba a wasa da su.

Sai kuma shekaru da yanayin lafiya. Ƙananan yara da tsofaffi sun fi saurin kamuwa, haka ma masu ciwon suga, masu tamowa da masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki.

Asibiti ma yana da nasa haɗarin. Robar fitsari, robar ƙarin ruwa da na'urar taimaka wa numfashi duk suna iya zama hanyar shigar cuta idan suka daɗe a jiki. A kwanakin farko ƙwayar Staphylococcus aureus ce ta fi bayyana a ciwon. Daga baya irin su Pseudomonas aeruginosa da Acinetobacter kan biyo baya, waɗanda galibi ke bijire wa magunguna.

Jinkiri da abin da ake shafawa

Babu wanda ke da iko a kan faɗin ƙuna ko shekarun wanda ya ƙone. Amma akwai abubuwa biyu da ke hannun jama'a, kuma sun fi shafar mazauna karkara irin su Godogodo da ke Ƙaramar Hukumar Jema'a a kudancin Jihar Kaduna, inda a lokacin hunturu ake yawan jin ɗumi da kasko da ƙona daji, ana kuma ajiye fetur a jarka cikin gida.

Ɗaya shi ne jinkiri. Majinyaci daga Godogodo yakan fara da ƙaramin asibiti kafin a kai shi Kafanchan, inda Asibitin Tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa yake, wanda Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da shi cibiyar lafiya ta tarayya a 2025. Babbar ƙuna kuwa tana iya buƙatar likitocin dashen fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kowace ranar da aka ɓata ana jinya a gida ko neman kuɗin mota, ƙwayoyin cuta na ƙara samun gindin zama. Cire mataccen nama cikin kwanakin farko yana daga cikin manyan hanyoyin rage haɗarin.

Ɗayan kuma shi ne abin da ake shafa wa ciwon. Ɗanyen ƙwai, baƙin mai, man goge baki, manja, koko ko kashin shanu ba sa warkar da ƙuna. Suna shigar da datti ne, su kuma hana likita ganin ainihin zurfin ciwon.

Abin da ya kamata a yi

A kwarara ruwa mai tsabta, marar ƙanƙara, a kan wurin na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi. Kada a fasa borin, kada kuma a fizge tufar da ta manne. A rufe ciwon da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe majinyacin don kada sanyi ya kama shi, sannan a garzaya asibiti a yi masa allurar tetanus.

Masu jinya su riƙa wanke hannu da sabulu kafin taɓa shi, a kuma taƙaita masu zuwa dubiya. Su sanar da ma'aikatan lafiya nan take idan suka ga zazzaɓi mai zafi ko sanyin jiki fiye da kima, saurin numfashi, raguwar fitsari, kumburin ciki da ƙin abinci, ruɗewar hankali, ko ciwon ya canza launi ya fara wari da koren ruwa. A sefsis, awoyi kaɗan na iya raba tsakanin warkewa da rasa rai.