Mus-mus: Yadda Kyanwa Ke Koyon Amsa Kira

Da almuru a Bagega, idan hayaƙin murhu ya lafa aka gama kwashe tuwo, uwargida kan ja tukunya gefe ta fara kankare ƙanzo. A kunnen mutum, ƙarar cokalin ba ta wuce zaure ba. Amma kafin ta kankare rabi, sai ga kyanwar da tun hantsi ba wanda ya sa ta a ido ta diro daga kan katanga, wutsiya a miƙe, ta zo tana goga jiki a ƙafarta. Ita ce dai kyanwar da autan gidan ya wuni yana bi da “mus-mus, mus-mus” ba ta ko waiwaye shi ba.

Mutanen gida sukan ce girman kai ne, ko su ce mage ba ta horuwa. Alhali ta horu sarai, kuma uwargida ce ta hore ta ba da niyya ba. Kullum aka kankare tukunya abinci na biyo baya, ba a taɓa saɓawa ba. Kiran yaro kuwa, yau runguma ce ta ƙarfi ke bin sa, gobe jan wutsiya, galibi ma ba komai. Sauti biyu ta ji, ta bi wanda bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kowace dabba da sautinta. Kaza “as” ake ce mata ta watse, shi ya sa ake cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mai tattabaru girgiza hatsi yake a ƙwarya, su sauko. Makiyayi yana da sunan da yake kiran saniyarsa da shi, yawanci daga launin fatarta, kuma takan ɗago kai daga tsakiyar garke. Ita ma kyanwa, a yammacin ƙasar Hausa, daga Zamfara da Sakkwato har Nijar, an fi ce mata mussa, sunan da bai yi nisa da sautin kiran nata ba.

Sai dai tarihinta da ɗan Adam daban yake da na kare ko saniya. Kakarta ita ce kyanwar daji ta Afirka, wadda masana ke kira Felis lybica, dabba mai farauta ita kaɗai, ba ta da garke balle shugaban da za ta bi. Lokacin da mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, aka tarar da mutum da kyanwa an binne su kusa da juna. Wato da ƙafarta ta shigo gida, don ta ga riba. Har yau a bakin rumbun gero wannan tsohon cinikin ne ke ci: ta tsare hatsi, a bar ta ta zauna. Wanda zai kira ta dole ya shigo ta wannan ƙofa, don tsawa ba ta ciyo ta.

Matsalar ba ta ji ba ce. Kunnen mutum yana tsayawa ne a sautin da ke kaɗawa sau 20,000 a sakan guda, na kyanwa kuwa ya zarce sau 60,000, har ya fi na kare. Da shi take jin siririn kukan ɓera wanda mu ba ma ji ko kaɗan. Kowane kunne yana juyawa shi kaɗai, ɗaya gabas ɗaya yamma. Siririn sauti mai kaifi, irin “sss” ɗin da ke ƙarshen mus, ko tsotsar leɓe, ko ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, yana jan hankalinta fiye da kakkaurar murya.

Wata masaniya a Japan, Atsuko Saito, ta gwada wannan. A 2013 ita da abokin aikinta suka kunna wa kyanwoyi 20 muryoyin baƙi da na masu su. Kyanwoyin sun bambance muryar mai gida, amma amsarsu ba ta wuce motsa kunne da juya kai ba; tasowa su zo kuwa, sai dai a yi haƙuri. A 2019 ta sake wani gwajin. A faɗi kalmomi huɗu masu tsawo ɗaya da sunan kyanwa, har ta gaji ta daina kulawa, sannan a faɗi sunan nata. Nan take kunne kan motsa, ko da baƙo ne ya faɗa. Kyanwoyin da ke zaune da yawa a wani shagon shan shayi kuwa sun riƙa rikita sunansu da na ’yan uwansu, wataƙila don ko wa aka kira, kowa na iya samun rabo. Saboda haka kyanwar da ke kwance a inuwar darbejiya ana kiranta tana lumshe ido, ta ji, ta kuma san da ita ake. Dalilin tashi ne ba ta gani ba.

Yadda ake samar mata dalilin, an fi ƙarni guda da gano shi. Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1904, ya nuna cewa idan wani sauti ya riƙa gabatar abinci, kare kan fara dalalar da miyau da jin sautin kawai. Kafin nan, a 1898, Edward Thorndike na Amurka ya wallafa gwajin da ya yi da kyanwoyi. Ya riƙa sa mai jin yunwa a akwati mai sakata, abinci na waje tana hangowa. Da fari sai ta yi ta yaƙushi da kokawa har ta taɓa sakatar bisa kuskure. Da aka maimaita, lokacin fitarta ya riƙa raguwa, har ta kai ana sa ta take buɗewa. Abin da ya fahimta shi ne, duk aikin da daɗi ya biyo bayansa, dabba za ta sake shi. Tukunyar uwargida ta haɗa darussan nan biyu: ƙara tana nufin abinci, zuwa kuma yana kawo shi.

Mai son yin abin da gangan zai fara da zaɓen sauti guda, gajere, wanda ba a yinsa don wani abu dabam. Nan ne mus-mus ke da rauni, don kowane yaro a unguwa yana faɗinsa, har ya zama kamar kukan kaji a tsakar gida. Ana iya amfani da fito, amma a gidajenmu da yawa manya ba sa yarda a yi fito da dare, lokacin da aka fi bukatar kiran. Cokali a bakin wani kwano na musamman, bugu uku, ya fi dacewa: yaro zai iya, tsohuwa za ta iya, kuma ƙararsa ɗaya ce ko wa ya buga. Wanda ya raɗa mata suna sai ya faɗi sunan, sannan ya buga.

Kwanakin farko ba kira ake yi ba, ɗaura aure ake tsakanin sauti da lada. Ana jira sai tana jin yunwa, kafin cin abincinta, tana kusa da mutum taku ɗaya ko biyu. A buga, a miƙa mata ɗan abu nan take. Tsarin yana da muhimmanci ƙwarai: sauti ne gaba, lada na biye cikin sakan ɗaya ko biyu. Idan ta riga ta ga abincin sannan aka buga, idonta ne ya ba ta labari, kunne bai koyi komai ba. Idan kuma aka buga sannan aka tafi ɗaki neman kifin, kafin a dawo zaren ya tsinke. Sau biyar ko shida ya isa a zama guda, minti biyu zuwa uku, a tashi tun tana marmari.

Ladan kuwa ya zama abin da ita take so, ba abin da mu muke so ba. Kyanwa maciyar nama ce zalla, harshenta ma ba ya jin zaƙi, don haka alewa ko rake ba su dame ta ba. Ɓarɓashin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ko tsokar kaza, ko dafaffen ƙwai, gwargwadon ƙwayar wake, ya wadatar. A guji tsire da kilishi da ragowar miya mai yawan albasa da tafarnuwa, domin waɗannan biyun suna lalata mata jini. Madarar da ake ganin ita ce abincin mage, manya da yawa gudawa take sa su. Akwai kuma kyanwar da shafa a ƙarƙashin haɓa ko wasa da igiya ya fi mata kifi. A wani bincike na Jami’ar Jihar Oregon a 2017, rabin kyanwoyin da aka gwada sun fifita hulɗa da mutum a kan abinci da kayan wasa.

Ranar da aka buga kwano ta ɗago kai da sauri tana neman hannu, aure ya ɗauru. Sai a fara ja da baya: daga bakin ɗaki, daga madafa, daga bayan rumbu inda ba ta ganin mutum, daga zaure. In an yi nisa ba ta zo ba, ba a ta nanata bugu. An yi gaggawa ne, sai a koma inda ta iya. Bayan ta ƙware ana iya rage kifin, wani zuwan a ba ta, wani a shafa ta kawai. Amma kada a yanke shi gaba ɗaya, don kiran da ya daɗe ba lada yakan mutu.

Abin da ya fi kashe shi da wuri shi ne cin amana. Kyanwa ta ɗauke nama a faranti, a buga mata kwano, ta zo a make ta da muciya. A ganin mai dukan, horon sata ya yi. A ganinta, zuwan ne ya jawo duka, kuma ba za ta sake ba. Haka in za a ɗura mata magani ko a kulle ta, gara a je a ɗauko ta da hannu. Addini ma ya riga ya yi magana kan wannan dabba: hadisi ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, kuma laƙabin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, daga ’yar kyanwar da yake ɗauka ya samo asali. Barin ta da ’yar yunwar kafin cin abinci daban, horar da ita da yunwa daban.

Wani zai ce ina amfanin wannan wahala a kan dabbar da ke ciyar da kanta. A Bagega amsar ba ta da nisa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da ’Yargalma da ita Bagega, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa har a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Kafin a farga da abin da ke kashe yaran, agwagin yankin sun riga sun fara mutuwa, ba wanda ya karanta saƙon. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega aka zuba sabuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka samu damar yi wa yaranta magani. Kyanwa tana birgima a ƙasa, tana wanka da harshenta, duk ƙurar da ta hau gashinta cikinta za ta, abin da ya rage kuma ta kai shi kan tabarmar da jariri ke rarrafe. Kyanwar da ta saba samun rabonta a gida, a cikin kwano ba a ƙasa ba, ba ta cika nisa ba, kuma ana iya janyo ta in an hango ta nufi wurin niƙa. Haka ranar da maƙwabci ya zuba maganin ɓera: bugu uku, ta shigo, a rufe ƙofa har a kwashe mushen.

’Yar kyanwa ta fi saurin ɗauka, musamman wadda ta saba da hannun mutane tsakanin mako na biyu da na bakwai da haihuwa, lokacin da tsoro bai kafu ba tukuna. Babba ma tana koya, sai dai ta fi cin lokaci, kuma muzurun da ya fita neman mace ba kwanon da zai dawo da shi sai ya gama yawonsa. Tsohuwar kyanwa da ta saba amsawa ta daina, a duba kunnenta kafin a zarge ta, don ji yana raguwa da shekaru. Farar kyanwa mai shuɗin ido kuwa, da yawansu da kurumta ake haihuwarsu. Irin waɗannan da haske ake kiransu: a kunna tocila a kashe sau biyu inda za ta gani, a miƙa kifi, a bi matakan nan kamar yadda aka bi da kwano. In tana kusa kuma, a buga ƙafa a daɓen ɗaki, za ta ji girgizar ta tafin ƙafarta ta waiwayo.