Amosanin Gaɓoɓi na Yara da Mahaɗar Kwatangwalo

Da an ambaci amosanin gaɓoɓi, tsofaffi ne kan faɗo wa mutane a rai. Amma tun a shekarar 1897 wani likita a Ingila, George Frederic Still, ya wallafa bayanin yara 22 masu kumburin gaɓoɓi wanda ya ƙi wucewa. A yau likitoci kan ce yaro yana da wannan cuta idan kumburin ya soma kafin ya cika shekara 16, ya yi aƙalla mako 6, kuma ba a gano wani dalilinsa ba. Ba sanyi ke kawo ta ba. Garkuwar jiki ce kan juya ta far wa tantanin da ke lulluɓe cikin gaɓa.

Mahaɗar kwatangwalo ta yi kama da turmi da taɓarya: kan ƙashin cinya mai dunƙule yana juyawa cikin wani gurbi, guringuntsi kuma na hana ƙasusuwan gogar juna. Idan tantanin ya kumbura, ruwa kan taru a ciki, a hankali kuma guringuntsin ya zaizaye. Ga yaro akwai ƙarin matsala, domin ƙashinsa bai gama girma ba. Jinin da kumburi ke jawowa wurin yana iya sauya girman kan ƙashin har ya daina zama daidai a gurbinsa, tsokoki su taƙure, ƙafa ta ƙi miƙewa.

Abin da ya sa wannan gaɓa ta fi sauran wuyar sha'ani shi ne a ɓoye take. Gwiwa ko idon sawu in sun kumbura kowa zai gani, amma kwatangwalo na binne cikin tsoka mai kauri. Sau da yawa ma yaro gwiwarsa yakan nuna, saboda akwai jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga wuraren biyu. Sai a yi ta shafa wa gwiwa magani alhali lafiyarta ƙalau. Ga shi kuma sandarewar ta fi tsanani da safe, ta sassauta da hantsi, don haka ɗalibin da ya zo makaranta yana ɗingishi, ya kuma yi wasa lokacin tara, ba wuya a zarge shi da ƙiuya. Wannan zargi kuskure ne babba. Malamin da ya lura yaro ya kasa tsugunawa ko harɗe ƙafafu na tsawon makonni, ya dace ya shawarci iyaye su kai shi asibiti.

A ƙasar Hausa dole likita ya fara kawar da wasu cututtukan: sikila, wadda kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, da tarin fuka na ƙashi, da gaɓar da ta yi mugunya, wadda ba ta jira ko kwana ɗaya. Hoton ƙashi ba ya nuna ɓarna sai ta yi nisa. Na'urar sikanin kuwa tana ganin ruwan da ya taru tun da wuri.

Magani ya ci gaba ƙwarai. A 1992 aka tabbatar da amfanin methotrexate ga yara, a 1999 kuma Amurka ta amince da etanercept, wanda ke toshe wani sinadarin kumburi. Ana kuma yin allura cikin gaɓar, tare da motsa jiki da kwanciya rubda ciki don kada kwatangwalo ya ƙage. Inda gaɓar ta riga ta lalace, akan sauya ta da ta roba da ƙarfe, kodayake likitoci kan so a jinkirta har ƙashi ya gama girma.