Baƙin Garin Cikin Na'urar Kwafi: Abin da Tarin Ɗan Ƙanina Ya Koya Mini

Shekara 11 ke nan ina da shagon fotokwafi a Nima, cikin birnin Akra da mu 'yan zango muke ce wa Ankara. Da can goro da atamfa nake fatauci. Da ƙafa ta fara gajiya da hanya sai na sayi na'urar kwafi biyu 'yan gwanjo da firinta ɗaya, na zauna wuri guda. Alhamdu lillahi sana'ar ta rufa mini asiri, amma akwai abin da na yi sakaci da shi har ya kusa ja mini nadama.

Duk mai wannan sana'a ya san sabon kwanson tawada, wato katirij, tsada gare shi. Shi ya sa muke sayen garin tawadar, wanda ake kira tona, a cikin gora, mu riƙa ɗurawa da kanmu. Da ɗan ƙanina ya gama sakandare aka turo mini shi daga gida, wannan aikin na fara koya masa. A lungun bayan shago yake zama, ya zazzage tsohon garin, ya hure ragowar da baki, ya sa mazurari ya cika. Ƙofa a rufe, don kada ƙurar titi ta shiga na'ura. Na tsare na'ura daga ƙura, na bar yaro a cikinta.

Uwargida ce ta fara lura. Wata rana ta miƙo mini hankicinsa, duk ya yi baƙi, ta ce, “Alhaji, tarin yaron nan ba na mura ba ne.” Na ce mata hunturu ne, zai wuce. Hunturu ya wuce, damina ta sauka, tari yana nan. Wani dare wajen ƙarfe biyu muka ji numfashinsa yana fito kamar usur, muka kwashe shi sai asibiti. Bayan ya samu sauƙi likita ta tambayi aikin da yake yi. Da na faɗa mata, ta ce yana da asma, kuma muddin yana shaƙar wannan garin, kuɗin magani asara kawai zan riƙa yi. A hanyar komawa gida ya ce mini, “Baffa, ai na daɗe ina kakin baƙi, kunyar faɗa muku na ji.” Wallahi ban iya ba shi amsa ba.

Daga nan na shiga tambaya da karance-karance. Ashe tona ba tawada ba ce irin wadda muka sani a makarantar allo. Roba ce aka niƙa ta yi laushi, aka haɗa da baƙin sinadarin kabon mai kama da kunkunniya, wani lokaci da garin ƙarfe da kakin da ke hana takarda mannewa. A yawancin na'urorin zamani ƙwaya ɗaya ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na milimita, don haka in ta tashi sai ta daɗe tana yawo a iska. A cikin na'ura akwai wani gammo mai zafin da ke kusan digiri 200, shi yake narkar da robar ta manne a takarda. Ɗumin da kake ji a takardar da ta fito, daga nan yake.

Hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta sa baƙin kabon a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar daji. Wannan ba dalilin firgita ba ne ga wanda ya zo ya yi kwafin katin shaida ya tafi. Magana ce a kan mai shaƙar garin kullum, shekara da shekaru. A 2007 masu bincike a wata jami'a da ke Birisben, a Ostareliya, sun gwada firinta 62, suka tarar 17 daga ciki suna fitar da ƙananan ɓurɓushi masu yawa a iska yayin aiki. Sannan tsofaffin na'urorin kwafi, irin gwanjon da akasarinmu muke saye, suna fitar da iskar ozon. Ita ce warin nan mai kaifi da ke tashi in an daɗe ana aiki, mai sa ƙaiƙayin maƙogwaro da ido da ciwon kai.

Ga kuma inda muke zubar da shara. Da can tsofaffin kwansuna da ragowar gari a kwata nake watsa su, ko in ba yaran bola. Wanda ya san Agbogbloshie kafin a rushe ta a 2021 ya san inda irin wannan kaya yake ƙarewa: a ƙona roba a fili, hayaƙi ya bi unguwa, ruwan sama ya kwashe sauran zuwa kogin Odaw da tafkin Korle. Robar kwanso ba ta ruɓewa a ƙasa, in aka ƙona ta kuma 'ya'yan wasu ne suke shaƙa. Gana ta yi dokar sharar lantarki tun 2016, amma doka ba za ta shigo shagona ta riƙe mini hannu ba.

Yanzu na canza tsari. Ɗurin tona a waje ake yi, ƙarƙashin rumfa, da safar hannu da takunkumi mai lamba N95, ba na ƙyalle ba. Babu hurawa da baki ko da injin hura iska. In gari ya zube, tsumma mai laima muke sawa, ba tsintsiya ba. In ya taɓa hannu ko riga, ruwan sanyi da sabulu, don ruwan zafi narkar da robar yake yi ta kama tufa. Na fasa taga a bango na sa fankar da ke jan iska waje. Na hana cin abinci kusa da na'ura, na kuma hana ƙananan yara zaman shago bayan Islamiyya. Tsofaffin kwansuna ina ɗaure su a leda, in mayar wa dilan da ke sake gyara su.

Ɗan ƙanina ya koma wajen kwamfuta da karɓar kuɗi a bakin ƙofa, kuma yanzu yana kwana lafiya. 'Yan'uwa da ke wannan sana'a a Kumasi, Lome, Kwatano ko Duwala, yawancinmu yaran da ke yi mana ɗurin nan amana ce aka ba mu daga gida. Yau in an tashi daga shago, ka ce yaronka ya nuna maka hankicinsa. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.