Kaluluwar Wuya da Muƙamuƙi: Abin da Ke Sa Ta Yawan Dawowa

Kaluluwa kumburi ne na wasu ƙananan ƙulalai da ke ƙarƙashin haɓa, da bayan kunne, da gefen wuya. Aikinsu tace ƙwayoyin cuta, shi ya sa suke kumbura idan ciwo ya kama wani wuri kusa da su. Kaluluwar da ke tafiya tana dawowa alama ce cewa ba a kai ga tushen ciwon ba.

Mafi yawan lokaci tushen yana cikin baki ko maƙogwaro. Ruɓaɓɓen haƙori, ciwon dasashi, hakin wuya da ciwon kunne duk suna tayar da ita. Ga yara kuwa, makero da ƙurajen kai da kwarkwata sukan kumbura ta ƙeya. Irin wannan tana da zafi in an taɓa, kuma takan sace cikin mako 2 zuwa 3 bayan an magance ciwon.

Akwai kuma kumburin ma'ajiyar yawu. Wani lokaci ɗan dutse kan toshe hanyar yawu, sai ƙasan muƙamuƙi ya kumbura daidai lokacin cin abinci, ya sace daga baya. Ƙarancin ruwa a jiki yana taimaka masa, abin lura ga mazauna Marjan Daffak da sauran unguwannin N'Djamena, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40. Hangum kuwa, wanda shi ma yake kumbura ma'ajiyar yawu, galibi sau ɗaya yake kama mutum.

Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Yakan kumbura ƙulalan wuya a hankali, ba zafi, har su fashe su riƙa zubar da mugunya. Ana iya ɗaukar wani nau'insa daga madarar shanu da ba a tafasa ba. Yana warkewa da maganin wata 6. Cutar ƙanjamau ma takan kumbura ƙulalai a wurare da dama. Ciwon barci, wanda aka sani a yankin Mandul na Chadi, yana kumbura na bayan wuya, sai dai a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Chadi ta shawo kansa.

Mafi haɗari ita ce sankara. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wani nau'inta a Yuganda, mai saurin kumbura muƙamuƙin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro. Tana jin magani idan an gano ta da wuri.

Kaluluwar da ta wuce mako 3, ko ta yi tauri ba ta motsi, ko ta zo da rama da gumin dare, tana buƙatar likita. A Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Uwa da Yaro da ke N'Djamena ana duba baki, a gwada jini, a ɗauki hoto, wani lokaci a ciri ɗan nama don bincike. Tsaga wurin wanzami da shan maganin ƙwayoyin cuta barkatai suna jinkirta gano ainihin ciwon.