Sansanin Hutu da Matsalar Harshe a Tsakanin 'Ya'yan Sikh Mazauna Ƙetare

Duk al'ummar da ta yi ƙaura ta bar ƙasarta ta asali, akwai wata tambaya da ke jiranta bayan shekaru talatin ko arba'in, watau da wane harshe jikokinta za su yi ibada. Wannan maƙala za ta duba yadda mabiya addinin Sikh da ke zaune a Ingila da Kanada da Amurka suke fama da wannan tambaya, ta hanyar sansanonin da sukan shirya wa 'ya'yansu a lokacin hutun makaranta.

Addinin Sikh ya samo asali ne a yankin Punjab, wanda aka raba tsakanin Indiya da Pakistan a 1947. Wanda ya kafa shi shi ne Guru Nanak (1469-1539), kuma ma'anar "Guru" ita ce malami ko jagora. Jagorori goma aka yi a jere. Na ƙarshensu, Guru Gobind Singh, kafin rasuwarsa a 1708, ya bar wasiyya cewa daga kansa babu sauran jagora ɗan Adam, littafinsu mai tsarki shi ne Guru. Saboda haka ake kiran littafin Guru Granth Sahib. Wannan wasiyya ita ce mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya, domin mutumin da jagoransa littafi ne, in ya kasa karatu, ya rasa hanyar ganawa da jagoran nasa.

Ƙaurarsu ba ta jiya ba ce. Tun a 1908 suka gina gurdwara, watau ɗakin ibadarsu, a birnin Vancouver na Kanada, sa'an nan a Stockton ta Kalifoniya a 1912. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma suka kwarara zuwa masana'antun Ingila. Ƙidayar 2021 ta nuna sun haura 770,000 a Kanada, sun kuma haura 520,000 a Ingila da Wales. Ke nan da yawa daga cikin yaran da ake kaiwa sansani jikoki ne ko tattaɓa-kunnen waɗanda suka yi ƙaurar, kuma Ingilishi ne harshen da suke tunani da shi. Ba a ƙasashen Turawa kaɗai ake wannan shiri ba. A Maleshiya ma, ƙungiyar Sikh Naujawan Sabha tana tara matasa shekara-shekara tun cikin shekarun 1960.

Galibi sansanin mako guda ne, wani lokaci biyu, ko dai a harabar gurdwara ko a wani wuri da aka yi haya a bayan gari. Akan tashi yara tun da asuba su yi wanka, su zauna karatun addu'o'in safe, waɗanda ake farawa da Japji Sahib na Guru Nanak. Da hantsi a shiga aji: haruffa, tarihi, da kirtan, watau rera baitocin littafin tare da kiɗan tabla da wata 'yar molo mai zuga-zugi da ake kira harmoniya. Da la'asar a fita wasanni, har da gatka, wasan sanda da takobi na gargajiya. Da faɗuwar rana akwai addu'ar Rehras, kafin kwanciya kuma Kirtan Sohila. Abinci kuwa a langar ake cinsa, inda kowa ke zama a ƙasa sahu-sahu, ba babba ba yaro, ba ɗan wane ba ɗan talaka, kuma yaran da kansu ne ke rabon gurasa da miyar wake, su wanke kwanuka. Wannan hidima suna kiranta seva, kuma ba a aji ake koyar da ita ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ajin harshe. Ana rubuta Punjabi a ɓangaren Indiya da rubutun Gurmukhi, wanda ake danganta daidaita shi ga jagora na biyu, Guru Angad. A ɓangaren Pakistan kuwa da haruffan Larabci ake rubuta harshen, ana kiransu Shahmukhi. Harshe guda ne mai rubutu biyu, kamar dai ajami da boko. Haruffan Gurmukhi na asali 35 ne. Kowane baƙi yana ɗauke da wasalin "a" a cikinsa, sauran wasula kuma akan nuna su da alamomi a sama ko a ƙasa ko a gefe. Yaro mai kaifin kai zai iya haddace su a mako guda, har ya fara haɗa baƙi.

Amma haɗa baƙi daban, jin magana daban. Punjabi harshe ne mai karin sauti, abin da ba a cika samu ba a cikin danginsa na Indiya. Misalin da masana suka fi bayarwa shi ne kalmar da ake furtawa "kora": da karin ƙasa tana nufin doki, da na tsakiya bulala, da na sama kuturu. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da kunnensa ke raba masa kuka na hawaye da kuka ta miya. To, yaron da ya tashi da Ingilishi a Southall ko Toronto ba shi da wannan kunne, kuma ba a samun sa a mako guda. Bugu da ƙari, harshen littafin ba shi ne Punjabin da kaka take yi a gida ba. Guru Arjan ya tattara shi a 1604, kuma a cikin shafukansa 1,430 na yanzu akwai tsohon Punjabi, da harshen Braj, da kalmomin Farisanci da na Sanskrit birjik. Akwai ma baitocin waɗanda ba Sikh ba, irin su Shehu Farid, sufi Musulmi na ƙarni na 13, da Kabir. Saboda haka hawa uku ne a gaban yaron: haruffa, harshen gida, da harshen littafi. Sansani na farkon kaɗai yake iya kammalawa.

Wannan ne ya sa akasarin bayani a sansanonin da Ingilishi ake yin sa, kuma akan haska baitoci a bango layi uku-uku: Gurmukhi, da furucinsa cikin haruffan Turawa, da fassara. Dattawa da dama suna ganin wannan rangwame ne da zai sa yara su dogara ga layi na biyu, su manta da na farko, kuma tsoron nasu yana da tushe. Sai dai masu koyarwa, waɗanda sau da yawa ɗaliban jami'a ne da su ma suka taso ta sansanin, sun san cewa yaron da aka yi wa wa'azi da harshen da ba ya ji ba zai so komawa baɗi ba.

Akwai kuma wani abu da sansanin ke bayarwa wanda ba ya cikin jadawalin darussa. Tun da Guru Gobind Singh ya kafa 'yan'uwantakar Khalsa a 1699, wanda ya shige ta yakan riƙe alamomi biyar: gashin da ba a askewa, matsefin katako, munduwar ƙarfe, gajeren wando, da 'yar takobi. Gashin da rawanin da ke rufe shi su suka fi jawo wa yara tsangwama. A 1983 sai da shari'ar wani ɗalibi da aka hana shiga makaranta da rawani ta kai Majalisar Dattawan Birtaniya kafin a tabbatar masa da haƙƙinsa. A Amurka kuwa, kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba 2001, aka harbe Balbir Singh Sodhi a jihar Arizona saboda rawaninsa da gemunsa. Yaron da shi kaɗai ne mai ɗaurin kai a ajinsu, a sansani yakan tarar da ɗaruruwa irinsa, a zaunar da shi gaban madubi a koya masa naɗin ƙyallen da kan kai yadi biyar ko fiye, a kuma koya masa amsar da zai bayar in an tambaye shi dalili. A nan sansanin ya fi samun nasara, nesa ba kusa ba.

Ragowar aikin harshe kuwa yakan koma ne ga makarantun ƙarshen mako da gurdwarori ke gudanarwa, da kuma makarantun gwamnati a inda aka yi dace. A Ingila ana iya ɗaukar Punjabi a jarrabawar kammala sakandare, haka kuma ana koyar da shi a wasu makarantun lardin British Columbia na Kanada. Waɗannan ma Punjabin yau suke koyarwa. Harshen littafin sai yaro ya zauna gaban granthi, watau mai kula da karatun littafin a gurdwara, yana biya masa baiti-baiti yana gyara masa furuci, kuma wannan karatu shekaru yake ɗauka.